Daga Majigi Zuwa Memori: Wa Zai Adana Finafinanmu?

Ina yaro a Kankiya, idan motar majigi ta iso, gari kan ɗauka. A kafa farin ƙyalle a fili, janareta na ruri, faifai na juyawa. In fim ya tsinke, mu yi ta ihu har a liƙa shi. Washegari mota ta wuce Kusada.

Yau na'urar dijital ta raba mu da wannan wahala: hoto garau, finafinai barkatai a aljihu. Amma akwai abin dubawa.

Fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, an ɗauka ya ɓata. A 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da kwamfuta, aka nuna shi a Berlin a 2018. Shekara 40 cikin ƙura, bai mutu ba.

Memori kuwa, ran da ya lalace, shi ke nan. Wa ke adana finafinan Hausa na yau? Wannan aikinmu ne, mu malaman jami'a: mu tattara, mu kwafa, mu ajiye tun kafin mu yi da na sani.