Yaƙi da Sauro Daga Cikin Cikinsa

A birnin Doha na ƙasar Katar, zazzaɓin cizon sauro cuta ce ta baƙi. Galibin waɗanda ake samu da ita a asibitocin birnin ma'aikata ne da matafiya da suka ɗauko ta daga kudancin Asiya ko Afirka, kuma tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Katar cikin jerin ƙasashen da cutar ba ta yaɗuwa a cikinsu. To amma wani sauro mai suna Anopheles stephensi, wanda asalinsa na ƙasashen Tekun Fasha ne da Indiya da Pakistan, kuma masu bincike suka sha kama shi a Katar ɗin, shi ne a yau yake hana jami'an kiwon lafiya na Afirka barci.

A shekarar 2012 aka fara ganin wannan sauro a Jibuti, lokacin da ƙasar ke dab da raba kanta da zazzaɓin, don kuwa mutum 27 kacal aka ba da rahoton sun kamu a shekarar. Kafin ƙarshen 2020 adadin ya haura dubu 70. Daga nan sai aka gan shi a Habasha da Sudan a 2016, sannan a jihar Gombe ta Nijeriya a 2020, da Ghana da Kenya a 2022. Abin da ya bambanta shi da sauron da aka saba da shi a ƙasar Hausa shi ne, shi ɗan birni ne. Ba ya jiran damina ko kududdufi. Tankin ruwa da durom da ramin ruwan magina sun ishe shi hayayyafa ko da tsakiyar rani, kuma ya riga ya saba da yawancin magungunan feshi. A birane irin su Kano da Maraɗi da Sakkwato, inda ƙarancin ruwan famfo ya tilasta wa kowane gida ajiyar ruwa, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Ganin haka ne ya sa hankalin masana ya ƙara karkata ga wata dabara da ta dace da karin maganar nan ta da ɗan gari kan ci gari, wato amfani da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin sauro don hana shi ɗaukar cuta.

Wadda ta fi shahara ita ce Wolbachia, wadda ake samu a jikin kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya. Masana a Ostareliya sun ɗauko ta daga wani ɗan ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace, suka sa ta cikin ƙwan sauron Aedes aegypti mai yaɗa zazzaɓin denge. Idan tana jikinsa, ƙwayar denge ba ta samun sukunin yawaita har ta kai ga yawunsa. Uwa tana gadar wa 'ya'yanta ita ta cikin ƙwai, kuma in namiji mai ɗauke da ita ya haɗu da macen da ba ta da ita, ƙwayayen ba sa ƙyanƙyashewa. Ta haka, cikin 'yan watanni, sai masu ɗauke da ita su mamaye unguwa. An fara sakin irin wannan sauro a yankin Cairns a 2011, kuma gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indunusiya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2021, ya nuna kamuwa da denge ta ragu da kashi 77 cikin ɗari, kwanciya asibiti kuma da kashi 86. Wannan labari ne da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, idan aka tuna cewa denge ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023, kuma a ƙarshen shekarar hukumomin Nijeriya suka tabbatar da ɓullarta a jihar Sakkwato.

Sai dai fa abin da ya yi aiki a kan denge bai kai ga yin aiki a kan zazzaɓin cizon sauro ba tukuna. A 2013 masana a wata jami'ar jihar Michigan ta Amurka sun yi nasarar zaunar da Wolbachia a jikin stephensi, to amma nasarar ba ta wuce ɗakin bincike ba.

Fatan da ake da shi yanzu ya taso ne bisa katari. A 2014, ma'aikatan kamfanin magunguna na GSK a ƙasar Spain suka lura cewa wasu sauron stephensi da suke kiwo don gwaji sun daina ɗaukar ƙwayar zazzaɓin. Da aka bi sawu, sai aka tarar da wata bakteriya mai suna Delftia a hanjinsu, wadda ke fitar da wani sinadari da ke nakasa ƙwayar cutar tun tana farkon girma. An bayyana binciken a 2023, bayan gwaje-gwaje tare da jami'ar Johns Hopkins da masana na Burkina Faso. Da yake ba ta kashe sauron, ana ganin zai yi wuya ya bijire mata yadda ya bijire wa feshi. Rauninta shi ne ba a gadonta, saboda haka dole a riƙa ɗana wa sauro ita cikin ruwan sukari a kai a kai, abin da ke bukatar kuɗi da ma'aikata.

Ko da ilmin ya kammala, akwai sauran rina a kaba, wato yardar jama'a. A ƙarshen 2023 an dakatar da sakin sauro mai Wolbachia a tsibirin Bali saboda adawar mazauna, kuma a watan Agusta na 2025 gwamnatin Burkina Faso ta tsayar da shirin Target Malaria, wanda shi na sauya halittar sauro ne, dabara dabam da ta bakteriya. Amma ga talakan da aka ce za a sako masa sauro a ƙofar gida, bambancin ba lallai ya bayyana ba. Wanda ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya san cewa duk shirin da ya tsallake sarakuna da malamai da masu unguwanni, to da wuya ya kai labari.

A 2023, Nijeriya ita kaɗai ce ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, cutar da ta kashe kusan mutum dubu 600 a shekarar, yawancinsu ƙananan yara a Afirka. Kafin bakteriyar ta fito daga hannun masu bincike, abin da ke hannun magidanci shi ne gidan sauro da rufe tanki da randa, abin da ke wuyan hukumomi kuma shi ne su gano iyakar inda baƙon sauron ya kai tun bayan ganinsa a Gombe.