Shugabanci Inda Ido Ba Ya Kaiwa

A wannan wata muna so mu ɗan tattauna a kan wani sabon tsarin aiki da ya game duniya tun shekarar 2020, watau yin aiki daga gida, da kuma abin da tsarin yake nema daga wurin wanda aka ɗora wa shugabanci.

Kowa ya san yadda abin ya faro. Da annobar korona ta ɓulla, sai ofisoshi suka kulle, taro ya koma cikin waya da kwamfuta. A nan Gana an rufe makarantu ranar 16 ga Maris 2020, yawancin yaranmu kuwa ba su koma aji ba sai Janairun 2021. Annoba ta lafa, amma tsarin bai tafi tare da ita ba. A yau akwai ma'aikatan da ba sa zuwa ofis ko kaɗan, akwai kuma waɗanda ake raba musu mako gida biyu, wasu kwanaki a ofis, wasu a gida.

To, a nan ne shugabanni da yawa suka rasa madafa, domin a da da ido suke mulki. Shugaba ya ga wanda ya zo da wuri, ya ga wanda ya sunkuya a kan tebur, sai ya ce aiki na tafiya. A 2022 kamfanin Microsoft ya tambayi mutum dubu 20 a ƙasashe 11. Kashi 87 cikin 100 na ma'aikata suka ce suna aikinsu yadda ya kamata, amma kashi 85 cikin 100 na shugabanni suka ce sabon tsarin ya sa da wuya su amince da haka. Ashe matsalar ba ta na'ura ba ce, ta yarda ce.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake sun yi ta safarar goro tsakanin Salaga da Kano, tafiyar watanni, ba waya ba wasiƙar gaggawa. Attajiri zai danƙa wa yaronsa dukiya ya bi ayari, ba zai sake ganinsa ba sai bayan lokaci mai tsawo. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana, amana kuwa ba ta samuwa sai maigida ya san halin yaronsa, ya kula da iyalinsa, ya kuma ba shi haƙƙinsa in ya dawo.

Binciken zamani ma ya nuna haka. Wani malamin jami'ar Stanford ta Amurka, Nicholas Bloom, ya yi gwaji na wata tara a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai ta ƙasar Sin, aka buga sakamakon a 2015. Waɗanda suka yi aiki daga gida sun fi na ofis ƙwazo da kashi 13 cikin 100. Amma duk da haka ba a ƙara musu girma kamar yadda aka yi wa na ofis masu irin ƙwazonsu ba, kuma da aka ba su zaɓi, kimanin rabinsu suka koma ofis, da yawansu saboda kaɗaici. A duba wannan da kyau. Aikin bai lalace ba, mutanen ne aka manta da su. Zumunta a ƙafa take, in kuwa ƙafa ba ta zuwa, dole shugaba ya nemi wata hanyar da zai sadar da ita.

Akwai kuma misalin abin da rashin iya magana ke jawowa. A farkon Disamba 2021, Vishal Garg, shugaban kamfanin Better.com na Amurka, ya tara ma'aikata wajen 900 ta Zoom, cikin 'yan mintoci ya sanar da su an sallame su. Hoton taron ya bazu ko'ina, wasu manyan ma'aikata suka ajiye aiki, shi kuma ya nemi gafara bayan 'yan kwanaki. Rage ma'aikata abu ne da ke faruwa, amma yadda ya faɗa shi ne ya zubar da mutuncinsa da na kamfanin. Magana zarar bunu ce.

Mu malamai mun ɗanɗana namu a lokacin da aka rufe makarantu. Mun yi aiki da wani shugaba wanda zai aiko da saƙo a WhatsApp da tsakar dare, in gari ya waye ba ka amsa ba ya ambaci sunanka a gaban kowa. Bai taɓa tambaya ko akwai wuta a unguwarku ba, ko kana da kuɗin sayen data. Ba a jima ba kowa ya koyi rubuta "an gani" ya ajiye waya, aiki kuma ya tsaya cik. Mataimakinsa kuwa yakan kira mu ɗaya bayan ɗaya, ya fara da tambayar iyali, sannan ya faɗi abin da ake so da ranar da ake so. Shi ne ya riƙe makarantar.

Saboda haka ga abin da muke gani ya wajaba a kan shugaban da ba ya ganin ma'aikatansa. Ya bayyana aiki filla-filla, da wa'adinsa, sannan ya auna mutum da abin da ya gama, ba da yawan amsa saƙo ba. Ya riƙa kiran kowa shi kaɗai lokaci zuwa lokaci, ya saurara fiye da yadda yake magana, domin wanda ke nesa ba a ganin damuwa a fuskarsa. In zai yi yabo ya yi a bainar jama'a, in zai yi gyara ya yi da murya tsakaninsa da mai laifi, don rubutu ba ya ɗaukar murmushi, kalma mai sauƙi sai a karanta ta da zafi. In lokacin ƙarin girma ya zo, ya tuna da na gida kamar yadda yake tunawa da wanda suke shan shayi tare. Ya kuma girmama lokacin hutun mutane.

Wasu za su ce wannan sassauci ne da zai ɓata ma'aikata. Mu dai ba mu ga haka ba. Sauraro ba ya hana tsawatarwa, sai dai ya sa ta yi tasiri, kuma duk malamin da ya taɓa riƙe aji ya san yaron da ke aiki don tsoro yakan daina da zarar an juya baya. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da dama yanzu suna yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakunansu, gobe wasunsu ne shugabanni. Mu koya musu iya zama da jama'a tun daga gida da makaranta, kamar yadda muke koya musu lissafi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.