Sharhi: Takunkumi, tallafi ko zaman sulhu, wanne ke hana ƙera makamin nukiliya?



A ƙarshen watan Satumba na 2025, Majalisar Ɗinkin Duniya ta maido wa Iran takunkuman da aka ɗage mata bayan yarjejeniyar 2015, saboda Faransa, Ingila da Jamus sun ce ba ta cika alkawari ba. Wata uku kafin nan, a Yuni, Isra'ila da Amurka sun yi ruwan bama-bamai a kan cibiyoyinta na nukiliya. Manomin hatsi a Dallol Bosso zai iya cewa, to ni ina ruwana? Ruwanmu biyu ne. Na ɗaya, ƙarfen da ake rigima a kansa, wato yuraniyom, a ƙasarmu ake haƙo shi. Na biyu, mu kam ba labarin takunkumi muka ji ba, mun ɗanɗana shi.

Bari mu fara da ƙarfen kansa, don a gane. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Abin da ke fita daga can gari ne ruwan ɗorawa da ake zubawa cikin ganguna. A yadda yake, ba ya fashewa. Sinadarin da ake nema a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an tace shi da wasu injuna masu juyawa da gudu. In aka tace zuwa kashi 3 ko 5, ya isa a ba gari kuran. In aka kai shi wajen kashi 90, ya zama na bam. Injin ɗaya ne, bambancin kawai inda aka tsaya. Duk gardamar duniya a nan take: yaya za a tabbatar mai tacewa ya tsaya inda ya ce zai tsaya?

Tun 1968 akwai yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, Nijar ta shiga cikinta a 1992. Hukumar AIEA da ke birnin Biyana ita ke aika masu bincike su duba su auna. Duk da haka yau ƙasashe tara ake lissafawa da makamin: Amurka, Rasha, Sin, Faransa, Ingila, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa, sai Isra'ila wadda ba ta taɓa amsawa da bakinta ba. Don kada a samu ta goma, manyan ƙasashe na da hanyoyi uku ban da yaƙi: sanda, wato takunkumi, goro, wato tallafi, sai tabarma, wato a zauna a yi magana.

Mu ɗauki sanda. Masu goyon bayanta na cewa gwamnati ba ta jin lallashi sai aljihunta ya ji zafi, kuma suna da hujja. Matsin da aka yi wa man fetur da bankunan Iran daga 2012 na cikin abin da ya kawo ta teburi. Amma a duba Koriya ta Arewa. Tun gwajinta na farko a Oktoban 2006 ake jibga mata takunkumi, kuma zuwa Satumban 2017 ta yi gwaji shida. Talakanta sun sha yunwa, bam kuwa ya samu.

Mu ma a tuna namu, ko da yake ba a kan nukiliya aka sa mana shi ba. Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun karɓi mulki, CEDEAO ta rufe iyakoki, ta tsaida hulɗar kuɗi, Najeriya ta yanke kuran da take ba mu. Kamyoyi suka yi layi a Malanbil. Shinkafa da mai suka hau, magani ya yi wuya, masu kai dabbobi Najeriya suka rasa hanya. Ku na waje kun san yadda aiko kuɗi gida ya koma wahala. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin ba tare da an samu abin da aka nema ba, kuma kafin nan Nijar, Mali da Burkina sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar. Wa ya sha bugun? Mai awon tiya a kasuwar Baleyara da mai ciwon suga da ya rasa allura. Takunkumi da sunan gwamnati ake rubuta shi, amma a tukunyar talaka yake sauka. Sau da yawa ma sai ya sa jama'a su ƙara rungumar shugabannin da ake son a raba su da su.

To goro fa? A 1994 Amurka ta ƙulla da Koriya ta Arewa cewa ta rufe tasharta ta Yongbyon, a riƙa ba ta tan 500,000 na man injin kowace shekara, a kuma gina mata tashoshin kuran biyu. Tashar ta zauna a rufe wajen shekara takwas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a 2002 aka soma zargin juna, mai ya tsaya, a farkon 2003 Koriya ta fice daga yarjejeniyar duniya. Tallafi na sayen lokaci, kamar yadda rabon cimaka ke raba mu da rani, amma ba ya zama rumbu. Kuma mai bayarwa na iya rufe hannu duk ranar da siyasar gidansa ta juya. Mun gani a 2023, da Faransa, Tarayyar Turai da Amurka suka tsaida wani ɓangare na tallafinsu cikin ɗan lokaci.

Saura tabarma. Yarjejeniyar Yulin 2015 tsakanin Iran da manyan ƙasashe shida ta yi aiki a zahiri. Iran ta yarda ba za ta tace fiye da kashi 3.67 ba, ba za ta ajiye fiye da kilo 300 ba, ta fitar da kusan duk abin da ta tara, ta buɗe wa masu bincike ƙofa. AIEA ta sha tabbatar da cewa tana cikawa. A watan Mayun 2018 shugaba Trump ya janye Amurka, ya maido takunkumi. A 2021 Iran ta soma tacewa zuwa kashi 60. Ke nan lokacin da ake kan tabarma tana kashi 3.67, da aka koma sanda ta kai 60. Wanga lissafi ko ɗan firamare ya gane shi.

Sai dai tabarma na da sharaɗi, alkawari kaya ne. A Disamban 2003 Gaddafi ya amince zai miƙa kayan nukiliyarsa, aka ɗage masa takunkumi. A 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi, aka kashe shi a Oktoba. Makaman Libiya suka watsu cikin Sahel, Mali ta kama wuta a 2012, hayaƙin ya iso har Abala da Sanam. Shugabannin Koriya ta Arewa sun kalli haka, suka ce wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. Ita kuwa Afirka ta Kudu, da ta ƙera bam shida sannan ta wargaza su da hannunta, ta shiga yarjejeniyar a 1991, ta yi haka ne lokacin da yaƙin cacar baka ya ƙare, sojojin Kuba na barin Angola, mulkin wariya na gab da faɗuwa. Tsoro ke sa ƙasa neman bam. In ba a cire tsoron ba, sanda ƙara shi take yi.

Yanzu mu dawo gida. An sha saka sunan Nijar cikin wagga rigima. Zamanin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan kusa da mu, an sayar wa Libiya da Iraƙi yuraniyom, wajen ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. A kan wancan tarihi aka ɗora ƙaryar da ta biyo baya: wasu takardu suka ɓullo wai Saddam Husaini ya sake neman ƙarfen a Nijar. Amurka ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce bai ga alama ba. Duk da haka a Janairun 2003 shugaba Bush ya faɗa wa majalisarsa cewa Saddam ya nemi yuraniyom a Afirka. A watan Maris shugaban AIEA na lokacin, Muhammad El-Baradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. An yi yaƙin duk da haka, amma wanda ya wanke sunanmu a gaban duniya, mai bincike ne.

Bayan shekara ashirin da ɗaya, a Maris na 2024, tawagar Amurka ƙarƙashin Molly Phee ta zo Yamai da zargin ana shirin sayar wa Iran yuraniyom. Gwamnati ta musanta, ranar 16 ga watan ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, sojojinsu suka bar Agadas kafin ƙarshen shekara. Firaminista Ali Lamine Zeine ya ce har barazanar takunkumi aka yi musu. Wannan ma misali ne: an zo da sanda a gaba, aka rasa tabarmar baki ɗaya.

A Yunin 2024 an karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yunin 2025 aka maida Somaïr hannun ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna, don shekara hamsin ke nan ƙarfenmu na haska biranen wasu, ƙauyukanmu na kwana da tocila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma mallaka tafe take da nauyi. Da can in an yi tambaya, Faransa ke amsawa. Yanzu mu za a tambaya: wa kuka sayar wa, tan nawa, ta wace hanya, don wane aiki?

A ganina, ƴancin zaɓen abokin ciniki haƙƙinmu ne, ba mai hana mu. Abin da zai kare wanga haƙƙi shi ne littafi buɗaɗɗe: kowane ganga da aka fitar a rubuta shi, a sanar da AIEA, a sayar wa wanda ya yarda a duba tashoshinsa. Shugaban hukumar, Rafael Grossi, ya zo Nijar a Maris na 2025, ƙofar a buɗe take, kada a bari ta rufe. Ciniki a ɓoye shi ke ba mai neman hujja hujja, kuma in aka sake ɗaga sanda, mun riga mun san kan wa za ta sauka.

Su kuma manyan ƙasashe, ya kamata su ji daga bakin waɗanda suka sha takunkumi: in dole ne a hukunta, a nufi masu yanke shawara da asusunsu, a bar abinci, magani da kuran. In an sa hannu a takarda, a cika. Kuma mai ajiye dubban bama-bamai a ɗakinsa, wa'azinsa ba zai shiga kunne ba sai an ga yana rage nasa.

Masu saurare na gida, da ku na Legas, Kwatano da sauran wurare, ku da kuka ga takunkumin 2023 daga ɗaya gefen iyaka, ku aiko mana da ra'ayinku, za mu karanta a shirinmu na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.