In Duk Mun Shige Ofis, Wa Zai Tsare Dajin?

Makon jiya a ɗakin cin abinci muka ga abin da ya tilasta mana ɗaukar alƙalami. Wani ɗan'uwanmu, ɗan aji biyu a sashen gandun daji da namun dawa, ya faɗa wa abokan zamansa cewa in Allah ya nufa ya gama, babban burinsa shi ne a tura shi Yankari ya yi tsaron giwaye. Bai rufe baki ba aka kece da dariya. Wani ya ce, "Haba malam, duk bokon nan a gindin giwa zai ƙare?" Masu dariyar nan kuwa ba jahilai ba ne. Masu karatun lauya ne da aikin mulki da lissafin kuɗi, su ne gobe za su zauna su tsara kasafin jihohinmu.

Mun san yaron nan. Tun daga nesa yake bambance marke da kirya, yana da ɗan littafi a aljihu inda yake rubuta kowane tsuntsu da ya gani da ranar da ya gan shi, kuma kowace shekara shi ke fara gaya mana shamuwa ta iso, damina ta matso. Ba don tausayinsa muke wannan rubutu ba, ya fi ƙarfin dariyarmu. Don kunyar kanmu muke yi.

Ba mu musun cewa sunan malamin daji ya ɓaci tun zamanin En'e. Iyayenmu sun san shi da cin tara: talaka ya sari reshe a gonarsa a kama shi, mai kuɗi ya loda mota guda a ɗaga masa hannu. Amma in wani alƙali ya ci hanci, shin rufe kotu ake yi? Mu dai abin da muka yi ke nan. Muka raina aikin, gwamnatoci suka yi watsi da shi, aka bar 'yan tsirarun masu gadi da tsoffin bindigogi, ba mota, ba takalmi, albashi sai an ga dama.

To, ga sakamako. A 1958 aka keɓe dajin Sambisa don namun dawa. Yau ku ambaci Sambisa ko'ina a duniya, ba mai tuna giwa ko jimina, sai 'yan matan Cibok da aka sace a 2014. Kamuku, can ƙasar Birnin Gwari, ya zama gandun ƙasa a 1999. Rugu na Katsina da Falgore na Kano su ma gandu ne da doka ta sani. Ku tambayi mutanen ƙauyukan da ke bakinsu su waye suka mai da su mafaka. Ba mu ce rashin malamin daji kaɗai ne ya haifi ta'addanci da satar shanu ba. Abin da muka ce shi ne daji ba ya zama babu mai shi. Hukuma ta janye ƙafa, mai bindiga ya sa tasa.

Sai kuma masu cewa ai son tsuntsaye da itatuwa aikin Turawa ne, mu yunwa ke damunmu. Lalle a 1989 mijin Sarauniyar Ingila ya tako har Dagona don ganin tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai su sauka a fadamar Haɗejiya da Nguru. Amma shi ya gani ya tafi. Wanda ya zauna shi ne masunci da manomin shinkafa da makiyayi. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi ƙaranci, gonaki suka lalace. Wa ya ji yunwar, Bature? Da a teburin da aka zana waɗannan madatsu akwai mutum irin wanda muka yi wa dariya, kuma aka saurare shi, da an tanadi sakin ruwa a kan kari tun farko.

Mu leƙa wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1973 da na 1984, manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona, suka riƙa rainon tohon gawo da sauran itatuwa, abin da suke kira sassaben zamani. Ta haka aka farfaɗo da wajen kadada miliyan 5. Ba wanda ya ce musu wannan aikin Turawa ne, don gero ya fi albarka a ƙarƙashin gawo, kowa ya gani da idonsa. Mu kuwa nan, madobiyar Taraba aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Sin, har sai da yarjejeniyar duniya ta sa mata takunkumi a 2017.

Yankari, da aka kafa a 1956, tana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe a ƙasar nan, kuma masu tsaronta kan yi kwanaki a daji suna arangama da mafarauta masu neman haure. Wasu sun rasa rayukansu a kan wannan aiki. Shi ne aikin da muka ga ya cancanci dariya.

Muna kira ga jihohinmu su ware guraben tallafin karatu don wannan fanni kamar yadda suke yi wa likita da injiniya, su kuma ɗauki waɗanda suka gama, maimakon su bar su suna gararamba da takardu a bakin ma'aikatu. 'Yan'uwa ƙananan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla, in fayil ɗin gandun daji ya iso teburinku, kada ku tura shi ƙarƙashi.

Shi kuwa ɗan'uwanmu, mun ji hutun nan Nguru zai nufa, ƙidayar tsuntsaye. Za mu kawo batu a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa cewa ƙungiya ta biya masa kuɗin mota, kuma muna so mu ga wanda zai ɗaga hannu ya ƙi.