NAMUN DAJI A ƘASAR GUMEL: BA SHINGEN WAYA NE MAGANI BA

Sanin kowa ne cewa a ƙasashen Gabashi da Kudancin Afirka namun daji dukiya ne, kamar yadda gyaɗa da auduga suka taɓa zama dukiyar Arewacin Nijeriya. Baƙi kan taso takanas daga Turai da Amurka da Asiya, su biya kuɗi masu yawa don a zaga da su cikin daji a buɗaɗɗiyar mota, su ga zaki da giwa da karkanda. Wannan yawo shi ake kira safari, kalmar Swahili mai nufin tafiya, wadda asalinta ɗaya da "safara" ta Hausa, domin duka biyu daga Larabci suka fito. Da yawa daga cikin gandayen da ake wannan yawo a cikinsu ba na gwamnati ba ne, na attajirai ne da kamfanoni.

Saboda haka ba laifi idan ma'aikaci ko ɗalibi a Gumel ya ga irin waɗannan hotuna ya ce, shin me zai hana a yi haka a nan? Ai a yanki fili a Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, a ba mai kuɗi, ya kewaye shi da waya, ya zuba barewa da jimina da raƙumin dawa, baƙi su zo, gwamnati ta sami haraji, matasa su sami aiki. Magana ce mai daɗin ji. To, amma kafin a yi na'am da ita, ya kamata a duba yadda abin ya samo asali a can, da kuma abin da zai ci a nan.

A Afirka ta Kudu, dokar da aka yi a 1991 a kan satar namun daji ita ce ta buɗe wannan kasuwa sosai. Dokar ta ce duk wanda ya kewaye filinsa da ingantaccen shinge, namun da ke ciki sun zama mallakarsa, yana iya sayarwa, yana iya karɓar kuɗin kallo ko na farauta. Daga nan dubban gonakin kiwon shanu suka koma gandayen namun daji, yawan dabbobin kuma ya ƙaru ƙwarai. Wannan nasara ce, ba mai musunta. Amma fa tushenta shi ne mutum ɗaya yana riƙe da dubban hektoci shi kaɗai, kuma tarihi ya nuna yadda aka sami yawancin waɗannan filaye, wato ta hanyar korar baƙar fata daga ƙasar kakanninsu a zamanin mulkin wariyar launin fata.

A ƙasar Gumel babu irin wannan fili. Abin da baƙo mai wucewa a mota zai ɗauka daji ne, da ya tsaya ya tambaya zai tarar gonar gero ce ta wani, ko ta riɗi, ko ta zoɓo, ko saura ce da aka bari ta huta, ko makiyaya, ko burtalin da shanu da raƙuma ke bi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Kowane taku yana da mai shi. Jama'ar wannan yanki ba su manta da ce-ce-ku-cen da ya tashi ba a lokacin da aka ware hekta 12,000 a wajen Gagarawa da kewayenta domin noman rake, inda manoma da yawa suka koka a kan gonakinsu na gado. Idan har rake, wanda aka ce zai kawo masana'antar sukari, ya ta da wannan ƙura, ina ga filin da za a ce an karɓa ne don barewa ta yi kiwo? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ko a can ɗin ma shinge bai kawo zaman lafiya ba. A farin da aka yi a Kenya a 2017, makiyaya sun kutsa da dubban shanu cikin manyan gandayen masu zaman kansu na yankin Laikipia, aka yi asarar rayukan mutane da na dabbobi. Makiyayin da shanunsa ke faɗuwa don yunwa, alhali yana hangen ciyawa kore shar a bayan waya, ba takardar mallaka ce za ta tsai da shi ba. Masu hankali daga cikin masu gandayen sun daɗe da gane haka. Gandun Ol Pejeta, inda karkanda biyu da suka rage a duniya daga jinsin farar karkandar arewa suke zaune, yana kiwon shanu tare da namun daji a fili ɗaya. A Afirka ta Kudu kuma, a 1993 an cire shingen da ya raba babban gandun Kruger da gandayen masu zaman kansu da ke yamma da shi, don dabbobi su sami sakewa. A Namibiya, dokar 1996 ta ba ƙauyuka ikon kafa gandayensu na haɗin gwiwa, su ci amfanin namun dajin da ke ƙasarsu. Ke nan waɗanda suka riga kowa kafa shinge su ne yau ke neman hanyar sassauta shi.

Daɗin daɗawa, kuɗin baƙon ƙetare ba abin dogaro ba ne. Da annobar korona ta hana zirga-zirgar jiragen sama a 2020, gandaye da yawa a Afirka sun wayi gari ba baƙo ko ɗaya, aka sallami ma'aikata, aka rage masu gadi. Wanda ya ɗora rayuwar dabbobin dajinsa a kan aljihun Bature, ranar da Bature ya fasa zuwa dabbobin sun zama marayu.

Darasin da ya fi dacewa da Gumel ba a Kenya yake ba, yana nan tsallaken iyaka, a Jamhuriyar Nijar. A da raƙumin dawa na Afirka ta Yamma yana yawo tun daga Senegal har Tafkin Chadi. Farauta da sare daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka ƙarar da shi, har a 1996 guda 49 kaɗai suka rage, dukkansu a yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai. Ba a kewaye su da waya ba, ba a kuma tashi ƙauye ko ɗaya ba. Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan basussuka, samarin wurin suka zama masu yi wa baƙi jagora. Raƙuman kan yi wa manoma ɓarnar wake, manoma kan yi gunaguni, amma an zauna tare. Cikin shekara ashirin da 'yan kai yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, wanda aka kafa tun 1955.

Gaskiya ne a watan Agusta na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, shida daga cikinsu Faransawa, abin da ya tsorata baƙin ƙetare. Amma abin lura shi ne raƙuman dawan ba su ƙare ba don baƙi sun janye, domin tun farko zamansu ya dogara ne ga yardar maƙwabtansu manoma da makiyaya.

Kafin a yi maganar dabba kuwa, sai an yi maganar itace. Barewa da gada da tuje da zabon daji ba sa zama a fili fetal. A nan ma mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda ƙasarsu da daminarsu kusan iri ɗaya ne da na Gumel, sun nuna hanya. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato idan an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Da wannan dabara mai arha gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo a kan kimanin hekta miliyan 5. Gawo kuwa kowane manomi ya san darajarsa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin dasa itatuwa na yaƙi da hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa. Amma dashen da ake yi ranar biki a ɗauki hoto, sa'an nan a bar wa awaki, ba zai yi abin da manomi zai yi a gonarsa ba idan ya tabbata itacen nasa ne.

Bugu da ƙari, jihar tana da gandun da ba ta gama cin moriyarsa ba. Dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma a masarautar Haɗeja, tafiyar sa'o'i kaɗan ne a mota daga Gumel. A 2008 aka sanya shi cikin jerin muhimman dausayoyin duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da shi cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10, tare da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina. Kowace shekara da hunturu tsuntsaye kan taso daga Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, su tarar da dinya da kirinjijiya na gida. Wannan wuri yana fama da matsalolinsa: madatsun ruwa na Tiga, na 1974, da na Challawa, na 1992, sun canja yadda ruwa ke malala, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ga masu sare itace don gawayi. Bai dace a bar wannan yana lalacewa a je ana mafarkin sabon gandu ba. Tarihin Sambisa, wanda shi ma gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama, ya isa gargaɗi a kan makomar dajin da aka ware a takarda aka bar shi ba kulawa.

Ba rashin doka ne ciwon ba. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar makiyaya ta 1965, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 wadda ta hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin daji mai albashi a kan kari, mai babur, mai goyon bayan dagaci da hakimi.

Don haka akwai abubuwan da ya kamata hukuma ta sa gaba. Na farko, Ma'aikatar Muhalli da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel su sake auna gandayen daji da makiyaya da burtalan da ke rubuce a littattafansu, su sa alamun iyaka, su bayyana wa jama'a abin da ya rage. Na biyu, a tabbatar wa manomi cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci tararsa ba don ya rage reshe. Na uku, a jawo ƙungiyoyin mafarauta a jiki, domin babu wanda ya fi su sanin sawu da makwancin dabba, kuma mafaraucin da aka ba aikin gadi ya fi wanda aka mai da abokin gaba amfani. Na huɗu, idan mai kuɗi yana so ya sa jari, ƙofa a buɗe take: ya gina masauki, ya kawo motoci da jiragen kwale-kwale, ya horar da masu jagora, ya yi yarjejeniya a rubuce da ƙauyuka a kan rabon riba. Amma ƙasa ta ci gaba da zama a hannun masu ita.

Su ma masu karatu suna da nasu rabon aikin. Baƙon farko da ya kamata a nema ba na Landan ba ne, na gida ne. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da na Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa za su iya kai ziyara Baturiya kowane hunturu, su ƙirga tsuntsaye, su rubuta sunayensu na Hausa da na Fulatanci da na Barebari kafin dattawan da suka san su su ƙare. Ma'aikacin da ke ƙarar da hutunsa a gindin bishiyar ƙofar gida yana iya ɗaukar iyalinsa yini guda su ga abin da Allah ya ajiye a jiharsu. Gandun Yankari na Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, ya daɗe yana karɓar 'yan makaranta da iyalai daga sassan Nijeriya, kuma irin waɗannan baƙi ba sa jiran jirgin sama.

Yaron da aka haifa a Gumel a yau ya san barewa ne a karin magana kawai, ya san ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma bai taɓa ganin gudun nata ba. Dawo da ita abu ne mai yiwuwa, tun da an dawo da mariri dajin Chadi a 2016 bayan ya ɓace daga daji ƙaf. Sai dai aikin zai fara ne daga gonar talaka da burtalin makiyayi, tare da yardarsu, kuma tun yanzu ya kamata a soma, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa hukuma ta duba, amin.