Gangaren Da Aka Bari Tsirara Ba A Gama Aikinsa Ba

Ku sani zamanin nan namu zamani ne na tara ƙasa. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, a bisa tudun da aka cika da hannun mutum take tafiya a wurare da yawa. Haka madatsar Tiga ta 1974, bangonta ƙasa ce aka dandaƙe. Wanda ya tuna ɓallewar Bagauda a 1988 da ta Alau a 2024 ya san nauyin abin da bangon madatsa yake riƙe da shi.

To, tudun da Allah Ya halitta yana zuwa da tufarsa, watau ciyayi da saiwoyinsu. Wanda ɗan Adam ya tara kuwa tsirara yake. Idan ruwan Agusta ya sauko, ɗigonsa ya kwance ƙasar, gudunsa a gangare ya ja ta, sai a ga 'yar tsaga kamar zanen yatsa. Bana tsaga, baɗi kwazazzabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu da gamba suke kafa iyakar gona, da jema suke tsare bakin fadama. Jema saiwarsa ƙasa take nitsawa, ta ɗinke gangare kamar zare. Ana dasa shi da farkon damina, layi layi a gicciye, tazarar tafin hannu tsakanin tushe da tushe, don ruwa ya rage gudu, ya ajiye ƙasar da ya ɗebo. Tsakanin layuka a shimfiɗa ƙasa mai taki, a dasa kirikiri, a rufe da kara har ya kama. Amma a bangon madatsa kada a bar itace ya girma, domin saiwarsa in ta ruɓe ta zama ƙofar ruwa.

Saura magana biyu. Ta farko ga hukuma: a rubuta dashen ciyawa cikin sharuɗɗan kwangila, kada kuma a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ciyawar ta ga damina biyu tana raye. Kuɗin shirin ACReSAL, dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da su a 2021 domin gyaran ƙasar Arewa, shaida ne cewa gyara ya fi rigakafi tsada.

Ta biyu gare mu talakawa. Mai sakin awaki a gangaren hanya, da mai cinna masa wuta da rani, da mai haƙar ƙasar gini a gindinsa, duk dukiyar jama'a suke ci, kuma za a tambaye su. Lalle hakimai da dagatai su sa ido, limamai su faɗa a masallatai.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalam.