Wa ya ce Hausa ce ta hana 'ya'yanmu karanta Turanci?

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a wani taro a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, kuma daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga rabin aji har jami'a. Hujjarsa a dunƙule ita ce an duba sakamakon WAEC da NECO da JAMB, an ga yankunan da suka rungumi harshen gida su suka fi faɗuwa. Maganar ba ta kwana ba sai da ta sami 'yan amshi. A ƙasar Daura, daga Mai'adua har Baure, za ka ji mutum da takardunsa na boko yana cewa ai dama Hausa ce ta cuce mu, a hana yaro banakula, a sa monita ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi ta, cikin shekara biyu za ka ji yana zuba Turanci. Wasu har suna ƙarawa da cewa a dubi Sinawa, duk ƙarfinsu ga su can sun duƙufa a kan Turanci.

Zan bi maganar gaɓa-gaɓa, in yi mata adalci gwargwadon abin da ta cancanta. Babu musu a kan cewa yaron Sandamu yana bukatar Turanci. Da shi zai rubuta jarrabawa, da shi zai cike takardar neman aiki, da shi zai karanta umarnin da ke jikin kwalbar magani. Rigimar tana kan hanyar da za ta kai shi can.

Mu fara da ginshiƙin da aka ɗora komai a kansa, wato alƙaluman jarrabawa. Tsarin da aka soke, majalisar zartarwa ta amince da shi ne a Nuwamban 2022, zamanin Malam Adamu Adamu. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan wannan, a 2023, yana da shekara shida ta firamare da shida ta sakandare a gabansa, ba zai ga takardar WAEC ba sai 2035. Waɗanda suka zauna jarrabawar 2025 kuwa sun shiga firamare ne wajen 2013, kusan shekara goma kafin a rubuta tsarin. Ta yaya dokar da aka haifa yaro yana sakandare za ta koma baya ta lalata masa aji ɗaya? Wannan ba ya bukatar digiri. Lissafi ne da mai awo a kasuwar Mai'adua zai yi maka da yatsunsa.

Na san mafakar da za a ruga. Za a ce ai tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a koyar da ajujuwan farko da harshen yankin. Gaskiya ne, ta tanada a takarda. To mai wannan magana ya ɗauki ƙafa ya shiga aji uku a kowace firamaren gwamnati tsakanin Zango da Daura, ya gaya mana abin da ya gani. Littafin lissafi da Turanci yake. Na kimiyya da Turanci. Jarrabawar ƙarshen zango da Turanci. Malam zai cika allo da Turancin da ya kwafo daga littafi, yara su kwafe shi harafi-harafi ba tare da sun san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba, sannan ya juyo ya yi musu bayani da Hausa don ya ga idanunsu sun yi zuru-zuru. Wannan shi ake kira "koyarwa da harshen uwa"? A irin wannan aji ba wanda ya zaunar da yaro ya koya masa haɗa baƙi da wasali, a Hausar ko a Turancin. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan ƙananan ajujuwa a Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010 sun nuna yawancinsu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya da Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Da a ce ana koyar da karatun Hausa kamar yadda ake riya mana, da hakan bai faru ba. Kuma da ba a bukaci shirin RANA ba, wanda aka kawo jihohin Katsina da Zamfara daga 2015 da tallafin UNICEF da gwamnatin Birtaniya, don kawai a koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa. An kama Hausa da laifin da aka aikata ba ta wurin.

Har yanzu a kan alƙaluman nan. A ce ma yankin da ya fi magana da harshensa shi ya fi faɗuwa. Shi ne kuma yankin da ya fi talauci, ya fi cunkoson aji, ya fi ƙarancin malamai, inda damina ke kwashe maza zuwa gona, talla ta kwashe mata. Mai bincike na gaskiya sai ya ware waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin ya nuna wa harshe yatsa. Ina aka yi wannan? A wace mujalla aka buga? Kuma waɗanne alƙaluma ne ma? WAEC ɗin 2025 da farko ta ce kashi 38 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an sami kuskure wajen maki, adadin ya kusa kashi 63. A shekarar ce yara a wurare da dama suka rubuta takardar Turanci cikin dare da hasken tocila. A kan irin wannan ma'auni za a yanke wa harshen mutum miliyoyi hukunci? Abin da takaici.

Da'awa ta biyu ta fi ta farko kama hankali, don haka ta fi yaudara: wai gwargwadon yawan Turancin da yaro ya ji, gwargwadon iyawarsa. Masu binciken karatu, tun daga Gough da Tunmer a 1986, sun nuna karatu abu biyu ne da ake ninka ɗaya da ɗaya: iya mayar da rubutu zuwa sauti, da fahimtar harshen da sautin ya fito da shi. In ɗaya ya zama sifili, sakamakon sifili ne. Yaron da ya zo aji ɗaya daga Daura ya zo da dubban kalmomin Hausa a kansa. In ka koya masa baƙaƙen boko, da zarar ya haɗa "ra" da "go" ya san abin da ya karanta, ya ga rubutu yana magana. Kuma rubutun Hausa mai riƙon amana ne, kusan kowane harafi sautinsa ɗaya. Turanci yana da haruffa 26 da ke ɗaukar sautuka kusan 44. Kalmomin though da through da tough da cough duk ƙarshensu ɗaya a ido, a baki kuwa kowace da inda ta nufa. Ga sautukan p da v da th da babu su a bakin Bahaushe, ga baƙaƙe uku a jere ba wasali. Masu cewa a fara da Turanci suna so yaro ɗan shekara shida ya koyi dabarar karatu, da sababbin sautuka, da ma'anar kalmomi, da lissafi, duk a numfashi ɗaya. Wanda ya riga ya gane dabarar karatu a Hausa ba ya sake koyonta. Abin da ya rage masa shi ne Turancin kansa, kuma wannan shi ne abin da Jim Cummins ya daɗe yana bayani tun ƙarshen shekarun 1970.

Mu ma mun san wannan tun kafin Cummins. A makarantar allo yaro yana bin babbaƙu da farfaru har ya iya fitar da Larabci daidai, amma ma'ana sai ya zauna a zaure. Can malam zai ɗauki Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya karanta jimla, ya fassara da Hausa, ɗalibi ya maimaita. Da haka ƙasar Hausa ta fitar da malaman da suka yi talifi da Larabci, suka yi waƙa da shi. Ban taɓa jin malamin zaure da ya ci tarar ɗalibi don ya yi tambaya da Hausa ba.

In kuma gwaji ake so na boko, an yi shi a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka ɗauki yara suka koyar da su komai da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma darasi ne da aka ba wa kulawa ta musamman. Da aka gwada su da takwarorinsu da aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza ba, har a Turancin kansa. Fafunwa ya zo ya riƙe kujerar Ministan Ilimi, wadda daga kanta Dakta Alausa ya yi wannan sanarwa. Wanda zai rushe sakamakon irin wannan aiki sai ya zo da aiki irinsa, jawabin taro bai isa ba.

Sai batun Sinawa, wanda masu kawo shi ba su san sun miƙa wa abokin gardama sanda ba. Yaron Sin yana fara makaranta da Sinanci. A makonnin farko ana koya masa pinyin, tsarin rubuta sautukan harshensa da haruffan boko, wanda aka amince da shi a 1958 bayan aikin Zhou Youguang da abokansa. Wato da harshensa yake fara sanin a da b. Kafin ya gama firamare ana sa ran ya gane alamomin rubutun Sinanci kusan dubu uku. Turanci kuwa, bisa umarnin ma'aikatar iliminsu na 2001, daga aji uku ake fara shi, a matsayin darasi. Lissafi da kimiyya da tarihi duk da Sinanci ake yinsu har jami'a. A gwajin PISA na 2018 ɗaliban Beijing da Shanghai da Jiangsu da Zhejiang ne suka zo na ɗaya a karatu da lissafi da kimiyya. Su ma suna shan wuya da Turanci, don harshensu ba ya sauya siffar aikatau saboda lokaci, kuma cunkoson baƙaƙe yana sarƙe musu harshe kamar yadda yake sarƙe mana. Maganin da suke nema shi ne ƙarin littattafai masu hawa-hawa, da koyar da sautuka, da yawan karatu. Ba wanda ya ce a daina lissafi da Sinanci. Mutanen Daura ba sai an ba su labari ba. Kamfanin CCECC na Sin ne ya gina Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a nan a Disamban 2019. A tambayi injiniyoyinsa da wane harshe suka haddace jadawalin sau.

Abin da ya kamata mu ara daga gare su shi ne littattafan. Binciken Paul Nation ya nuna mai karatu yana bukatar ya san kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. Yaranmu ana miƙa musu shafin da ba su san rabinsa ba, sai a ce sun ƙi karatu. Wanda yake son Turanci a bakin yaron Baure da gaske, ya nemo masa ƙananan littattafan labari masu kalma ɗari biyu, sannan masu ɗari biyar, sannan masu dubu, ya zuba su a akwati a kowane aji, ya ware rabin sa'a kullum. Wannan ana iya yinsa gobe ba tare da an taɓa Hausa ba.

Ana kuma cewa mutanen da sun fi mu Turanci don Turawa ba su yi musu wasa ba. Sun fi mu, amma ina suka fara? Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, elemantare ta Arewa ma da Hausa ake fara ta, Turanci sai an yi gaba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, shi ne marubucin Shaihu Umar. Abubakar Imam na Magana Jari Ce kuwa ɗan Kwalejin Katsina ne. Hannu ɗaya ya riƙe alƙaluman biyu.

Wai babu malamai da littattafan da za a koyar da Hausa. To akwai na Turancin ne? A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin dubu 33 jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da dubu 21 suka faɗi. Malamin da bai mallaki Turanci ba, in ka hana shi Hausa, ka bar shi da alli da bulala kawai.

Wai harsunan Nijeriya sun fi ɗari biyar, da wanne za a koyar? Wannan matsalar Jos ce da Fatakwal, a nemo musu mafita tasu. A masarautar Daura, in ka cire rugagen da ake Fulatanci, aji guda harshe guda ne. Tsallake Kongolam kaɗan, Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025.

Na ƙarshe, wai a dubi 'yan makarantun kuɗi yadda suke Turanci. A dube su mana. Ashirin ne a aji, sun karya kumallo, akwai littafi a gidansu da wanda zai duba musu aikin gida. A ba yaron ƙauyen Zango rabin wannan, sannan a zo mu yi maganar harshe.